Ɗaurin NFS da ya mutu da modil ɗin da ya ƙi fita: bin sawun matsalar a Linux

Gabatarwa

A ɗakunan kwamfuta na sassan jami'a da yawa, ana tara fishiyoyin malamai da na ɗalibai a na'ura guda, sauran na'urorin kuma su riƙa isa gare su ta rezo, da tsarin nan da ake kira NFS. Kamfanin Sun Microsystems ne ya fito da shi a 1984. An wallafa ƙa'idojin siga ta 2 a 1989, ta 3 a 1995, ta 4 kuma a 2000. Tsari ne mai daɗin aiki muddin na'urar da ke riƙe da fishiyoyin tana raye. Amma inda kuran ke ɗaukewa ba sallama, musamman a watannin zafi, ba wuya a wayi gari dosiye ya ƙi buɗuwa, a nemi kwance shi ya ƙi, a nemi fitar da modil ɗin nfs daga ƙwayar Linux shi ma ya ce ana amfani da shi, alhali ba a ga kowa yana amfani da komi ba.

Wannan takarda tana so ta nuna cewa alamun nan uku daga igiya ɗaya suke, kuma maganin da aka fi saurin miƙa wa hannu, wato umount -l, shi ne yake shafe sawun da ya kamata a bi. Da yake kalmomin wannan fanni ba su zauna ba tukuna a Hausa, ga waɗanda muka zaɓa: ƙwaya don noyau na Faransanci, modil don module, ɗaurewa da kwancewa don monter da démonter, turke don point de montage, uwar garke don serveur, ɗan aiki don processus. A misalanmu sunan uwar garke uwa, turken kuma /mnt/bincike.

1. Abin da ƙwaya ke ƙirgawa

Tun tsakiyar shekarun 1990 ƙwayar Linux take iya karɓar modil ko ta sake shi tana cikin aiki. Sharaɗin sakin guda ne: kada a samu mai riƙe da shi. Ƙwaya tana ajiye wa kowane modil lamba. Duk wanda ya kama shi lambar ta ƙaru da ɗaya, in ya saki ta ragu. Umurnin lsmod yana karanto wannan lamba daga /proc/modules, ana kuma ganinta a /sys/module/nfs/refcnt. In ba ta kai sifiri ba, rmmod da modprobe -r za su ƙi.

Abin lura a nan shi ne yadda ake karanta layin lsmod. A ce layin nfs ya ƙare da "2 nfsv4". Ma'anarsa masu riƙo biyu ne, ɗaya daga cikinsu modil ne mai suna nfsv4, ɗayan kuma ba a faɗi sunansa ba. Wannan mara sunan shi muke nema. Yawanci shi ne abin da ake kira superbloc, wanda za mu ce wa kundi: bayanin da ƙwaya ke buɗewa a memuwar don kowane tsarin fishiye da aka ɗaure. Kundin ne ke riƙe da modil, ba turken ba. Kundin kuma ba ya rufuwa sai an saki ɗauri na ƙarshe da ke dogare da shi, ɗaurin kuwa ba ya sakuwa sai ɗan aiki na ƙarshe ya rufe fishiyen da ya buɗe, ko ya fita daga dosiyen da yake zaune a ciki. Ke nan igiyar ta taso daga ɗan aiki zuwa ɗauri, daga ɗauri zuwa kundi, daga kundi zuwa modil. Wanda ya fara da modil ya kama ta ne ta wutsiya.

2. Cuta biyu masu suna ɗaya

A bakin masu kula da na'urori, duk ɗaurin da ya daina aiki ana ce masa ya mutu. Amma halaye biyu ne daban, kuma abin da ke warkar da ɗaya yana iya yin ɓarna a ɗayan.

Na farko shi ne uwar garke tana nan, tana amsawa, amma ba ta gane abin da ake tambayarta ba. A NFS, na'urarmu ba ta kiran fishiye da sunansa duk lokacin da za ta karanta shi. Sau ɗaya take tambaya da suna, uwar garke ta ba ta wata lamba, kamar tikitin da ake ba mai kaya a tashar mota, daga nan kuma da tikitin za ta riƙa zuwa. Tsawonsa okte 32 ne a siga ta 2, yana iya kai 64 a ta 3, da 128 a ta 4. A cikinsa akwai shaidar tsarin fishiyen, da lambar fishiyen a faifai, da wata lamba da ke bambanta shi da wani fishiye da ya taɓa riƙe wannan gurbi. In aka shafe fishiyen daga wata na'ura, ko aka janye dosiyen daga jerin abin da uwar garke ke rabawa, ko aka sake faifai aka maido da fishiyoyin daga ajiya, tikitin ba ya nuna komi kuma. Sai uwar garke ta amsa da kuskuren ESTALE, mai lamba 116 a Linux, wanda ake gani a allo da "Stale file handle". Amsar tana zuwa nan take. Babu abin da ke tsayawa.

Na biyu shi ne uwar garke ta yi shiru gaba ɗaya: an kashe ta, ko kuran ya ɗauke a ɗakin da take, ko an canza mata adireshi. Ɗaurin NFS, in ba a ce wani abu ba, na nau'in hard ne, wato ba ya gajiya da sake tambaya. A kan TCP yana jiran daƙiƙa 60 kafin ya sake aikawa, haka kuma zai yi ta yi har uwar garke ta dawo. A dmesg za a ga "nfs: server uwa not responding, still trying". Duk ɗan aikin da ya taɓa turken sai ya daskare a halin da ps ke nunawa da harafin D. Har df da ls na dosiyen da ke sama da turken sukan daskare, shi ya sa mai binciken da bai yi hattara ba yakan rasa tagoginsa ɗaya bayan ɗaya, kowace kuma ta zama sabon mai riƙo.

Don haka aikin farko shi ne karanta dmesg, da duba ko uwar garke tana amsawa a tashar 2049, ba tare da an taɓa turken ba.

In ESTALE ne, a fara da uwar garke. Akwai wani hali da ake yawan gani bayan ɗaukewar kuran: uwar garke ta tashi, hidimar NFS ta fara aiki, amma faifan da ke ɗauke da fishiyoyin bai ɗauru ba, domin ana duba lafiyarsa ko don ya makara. Dukan tikitocin sai su zama matattu. Amma mutuwar ta ɗan lokaci ce: a ɗaure faifan, a ba da exportfs -ra, tikitocin su dawo da rai ba tare da an kwance komi a sauran na'urori ba. Zaɓin mountpoint a /etc/exports yana hana raba dosiye in faifansa bai ɗauru ba, zaɓin fsid kuma yana tsayar da shaidar tsarin fishiyen. In kuwa faifan aka sake ɗungum, tikitocin ba za su dawo ba, sai an kwance an sake ɗaurewa.

In shiru ne, tambayar da ke gaban komi ita ce: uwar garke za ta dawo ko ko ba za ta dawo ba? Dalili kuwa, abin da ɗalibi ya rubuta a ƴan daƙiƙun ƙarshe yana iya kasancewa a memuwar na'urarsa yana jiran a kai shi. Ɗaurin hard yana tsare masa shi. In uwar garke ta dawo, za a ga "nfs: server uwa OK", rubutun ya wuce, ƴan aikin su farka. A siga ta 4 uwar garken Linux tana ɗaukar kamar daƙiƙa 90 bayan tashinta tana jiran tsofaffin na'urori su sake karɓar makullansu, saboda haka kada a yi gaggawar cewa gyaran bai ci ba. Matakan ƙarfi da za mu ambata a gaba suna iya zubar da wannan rubutu da ke jira. Ga mai rubuta kundin digiri, awa biyu na jiran kuran ya fi sauƙi bisa babin da ya tsage a tsakiya.

3. Neman masu riƙo ba tare da taɓa turke ba

Kayan aikin da aka saba da su, fuser -m da lsof, suna tambayar tsarin fishiyen kansa game da hanyoyin da aka ba su, don haka a ɗaurin da ya yi shiru su ma sukan daskare. lsof yana da zaɓin -b da -e don kauce wa wannan, amma mu mun fi son a karanta /proc kai tsaye, domin abin da ke can daga memuwar ƙwaya yake fitowa.

Kafin komi a rubuta layin ɗaurin a takarda:

grep bincike /proc/self/mountinfo

Lamba ta farko a layin ita ce shaidar ɗaurin, ta uku kuma, mai kama da 0:53, ita ce shaidar kundin. Su biyun za su yi amfani a gaba, kuma akwai lokacin da ba za a sake samunsu a nan ba. Sa'annan, da ikon root:

find /proc/[0-9]*/fd /proc/[0-9]*/cwd -lname '/mnt/bincike*'

Wannan yana fito da ƴan aikin da suka buɗe fishiye a ƙarƙashin turken, da waɗanda ke zaune a wani dosiyensa. Na biyun su ne aka fi mantawa: taga da wani ya bari a buɗe tun jiya bayan ya shiga dosiyen da cd, ba ta karanta komi, ba ta rubuta komi, amma tana riƙe. Akwai kuma furogiram ɗin da aka tada daga fishiyen da ke kan NFS, ko wanda ya shimfiɗa fishiye a memuwarsa. Waɗannan a /proc/PID/exe da /proc/PID/maps suke bayyana. A maps ana rubuta shaidar kundin da ƙidayar goma sha shida, wato 0:53 ya koma 00:35.

Waɗanda suka daskare kuma ana ganinsu da:

ps -eo pid,stat,wchan:32,comm

Wanda ke D, kuma wurin jiransa ya fara da rpc ko nfs, namu ne. A da, irin wannan ɗan aiki ba ya jin komi sai in an ɗaure da zaɓin intr. Tun Linux 2.6.25, a 2008, ba a kula intr kuma, amma galibin jiran NFS sun zama masu jin SIGKILL. Saboda haka kill -9 yana aiki a inda kill kawai ba ya yi. Littattafan da suka girmi wannan shekara har yanzu suna yawo a hannun ɗalibai da shawarar intr; ba ta cutarwa, ba ta kuma amfani.

Ba kowane mai riƙo ne ɗan aiki ba. Wani ɗauri da aka yi a ƙarƙashin turken yana riƙe da shi, kuma sai an fara kwance na ciki. Hoton faifai da ke zaune a NFS aka jona shi da loop yana riƙe, losetup -a kuma zai nuna shi. Haka tsarin overlay da ya ɗauki dosiyen a matsayin shimfiɗarsa ta ƙasa. Babu ɗayansu da zai fito a fuser.

4. Kwancewa: ta lalama, ta ƙarfi, da ta ɓoye

In an sallami masu riƙo, umount /mnt/bincike ya isa. In an bar ko da guda, zai dawo da EBUSY, mai lamba 16. Wani lokaci umurnin kansa ne ke daskarewa, domin yana bin hanyar turken kafin ya kira ƙwaya, ko yana ƙoƙarin sanar da uwar garken da ba ta nan. Zaɓin -c yana hana na farko, -i kuma yana tsallake mataimakin umount.nfs.

Sunan umount -f yana ruɗi. Ba ya ƙwace ɗauri daga hannun masu riƙo. Abin da yake yi shi ne ya soke tambayoyin da ke kan hanya zuwa uwar garke, ƴan aikin da ke jira su samu kuskure su farka, sa'annan ya gwada kwancewa ta yau da kullum. In ƴan aikin ba su riga sun rufe fishiyoyinsu ba, zai ce EBUSY kamar kowa. Shi ya sa yakan ƙi a karo na farko ya yi a na biyu ko na uku. Rubutun da bai isa ba kuwa yana iya tafiya tare da tambayoyin da aka soke.

Sai umount -l, wanda ya shigo a Linux 2.4.11 a 2001. Wannan ba ya ƙi. Yana cire ɗaurin daga bishiyar dosiyoyi nan take, layinsa ya ɓace daga /proc/mounts, df ya daina daskarewa, kowa ya ce an gyara. Amma turken kawai aka tumɓuke. Dabbar tana nan da igiyarta a hannun wanda ke riƙe. Kundin bai rufu ba, lambar modil ba ta ragu ba, ƙwaya kuma tana ci gaba da kiran uwar garken da ta mutu. A nan ne ake samun halin da ya sa muka rubuta wannan takarda: babu ɗauri ko ɗaya a jeri, amma modil ya ce ana amfani da shi.

Abin da ya fi muni shi ne sawun ya ɓace. fuser -m /mnt/bincike yanzu dosiyen banza na faifan gida yake dubawa. Umurnin find na sama ma ba zai kama komi ba, domin hanyoyin da ke /proc/PID/fd sun rasa kansu: fishiyen da a da ake gani da /mnt/bincike/babi3.tex yanzu /babi3.tex kawai yake, kamar a saiwar bishiya yake zaune. Wanda ya rubuta lambobin nan biyu tun farko shi ke da mafita. Tun Linux 3.15, a 2014, kowane fishiye buɗaɗɗe yana da layin mnt_id a /proc/PID/fdinfo, kuma lambar tana nan ko bayan an cire ɗaurin. In shaidar ɗaurin 412 ce:

grep -l 'mnt_id:.412$' /proc/[0-9]*/fdinfo/*

Wanda bai rubuta ba, ya duba /proc/fs/nfsfs/volumes. Wannan jeri na ɓangaren NFS ne na ƙwaya, ba ruwansa da bishiyar dosiyoyi, don haka kundin da aka ɓoye yana nan a ciki, da adireshin uwar garke da shaidarsa. Daga nan sai a nemi shaidar a maps, a kuma bi cwd na ƴan aiki ɗaya ɗaya ana neman hanyar da ba ta dace da faifan gida ba. Aiki ne mai cin rai, wanda minti ɗaya na rubutu kafin kwancewa zai hana.

Ba muna cewa umount -l ba shi da wuri ba ne. In ɗalibai talatin suna jiran shiga na'ura kuma turken da ya mutu ne ya tare ƙofa, a cire shi. Amma a san cewa an ɗage matsalar ne daga ido, a kuma ɗauki lambobin kafin a yi.

5. Ɗaurin da ke wata shiyya

Akwai hali na ƙarshe da ke sa ko mai hattara ya ruɗe. Tun Linux 2.4.19, a 2002, ba dole ba ne dukan ƴan aiki su ga bishiya ɗaya. Ana iya ware wa wasu shiyyarsu, espace de noms a Faransanci, da kwafin jerin ɗaurin da ke akwai lokacin da aka ware ta. A da ba a cika amfani da wannan ba, yau kuwa ko'ina yake: Docker, da ya fito a 2013, a kansa ya tsaya, systemd ma yana ware shiyya ga duk hidimar da aka sa wa PrivateTmp da makamantansa. In shiyyar tana karɓar saƙon canji daga ta asali, kwancewar za ta bi ta har can. In kuwa an yanke ta, kwafin ɗaurin yana nan bayan mun kwance namu lafiya lau, ba tare da kuskure ko ɗaya ba, kuma shi kaɗai ya isa ya riƙe kundin.

/proc/mounts shiyyar mai karatu kawai yake nunawa. Sai a tambayi kowa:

grep -l bincike /proc/[0-9]*/mountinfo

Duk lambar da ta fito, ɗan aiki ne da ke ganin ɗaurin har yanzu. Lsns -t mnt zai nuna shiyyar da yake. Ana iya shiga a kwance da nsenter -t PID -m umount /mnt/bincike, ko, abin da ya fi sauƙi, a sake tada hidimar, shiyyar ta rushe da kanta.

6. In uwar garke ba za ta dawo ba, da fitar da modil

Idan an tabbata na'urar ta tafi har abada, kuma wasu tambayoyi sun ƙi mutuwa, tsohuwar dabara ita ce a ba wata na'ura, ko ma ita wannan ɗin, adireshin marigayiyar na ɗan lokaci, a tada hidimar NFS a kanta. Tambayoyin za su samu mai amsawa, amsar kuma ESTALE ce, wato an maida cuta ta biyu ta zama ta farko, wadda ba ta daskarar da kowa. Daga Linux 6.5, a 2023, akwai hanya mafi tsabta: kowane ɗaurin NFS yana da dosiye a /sys/fs/nfs, a ciki da fishiyen shutdown, in aka rubuta 1 a cikinsa, tambayoyin da ke jira da masu zuwa duk za su koma da kuskure. Ba a komawa baya daga wannan, sai kwancewa.

Bayan kundin ya rufu, fitar da modil ɗan ƙaramin aiki ne, sai dai a bi tsari daga sama zuwa ƙasa: nfsv4 ko nfsv3 tukuna, sa'annan nfs, sa'annan lockd da sunrpc. Dosiyen /sys/module/nfs/holders yana faɗin wanda ke gaban wani. sunrpc yana da nasa ɗauri na musamman, rpc_pipefs, wanda ke riƙe da shi ko babu NFS ko ɗaya, nfsd kuma yana da /proc/fs/nfsd. Sai an tsayar da hidimominsu an kwance su.

Game da rmmod -f, shawararmu a bar shi. Yana aiki ne kawai in an gina ƙwayar da CONFIG_MODULE_FORCE_UNLOAD, kuma abin da yake yi shi ne ya fitar da modil alhali kundin yana nuni ga gurbinsa a memuwar. Ɗan aikin farko da ya motsa zai sa ƙwaya ta bi wannan nuni zuwa inda babu komi, ko inda wani abu dabam ya riga ya zauna. Ya kamata ma a tambaya ko fitar da modil ɗin dole ne. Modil da ke zaune ba ya hana sake ɗaure dosiyen daga sabuwar uwar garke a turke ɗaya. Buƙatar ta gaskiya tana zuwa ne in za a sa sabon modil, ko a canza wani zaɓi da ba ya canzuwa sai wajen shigarwa. In ƙarshenta sake tada na'urar aka zaɓa, a sallami masu riƙo a yi umount -f tukuna, domin wajen kashewa tsarin zai nemi kwance ɗaurin da tura rubutun da ya rage, kuma yana iya tsayawa can yana jiran uwar garken, a lokacin da ba sauran taga da za a ba da umurni daga cikinta.